Tayar da Ta Suma

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Manchester, aikin kammala digirina a kan taya na yi shi. Injiniyancin motoci nake karantawa, kuma abin da na ɗaukar wa kaina shi ne in gina lissafi a kwamfuta wanda zai faɗi yadda tayar motar tsere take rage ƙarfi zagaye bayan zagaye, da lokacin da ya dace direba ya shiga a canja masa. Manyan tseren nan na duniya nake nufi, na motoci masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu sumul suke, babu zane ko ɗaya. Akwai mai taushi, tana kama ƙasa sosai amma ba ta jimawa. Akwai mai tauri, tana jimawa amma ba ta kai mai taushi gudu ba. Sai kuma ta tsaka-tsaki. Canjin kansa daƙiƙa biyu ne ko uku, sai dai shiga da fita yana cinye wa direba kusan daƙiƙa ashirin, a wasan da rabin daƙiƙa kan raba mutum da na gabansa. Shi ya sa ake ta lissafin yaushe za a tsaya, kuma sau nawa.

Ban taso da son mota ba. A Kano ni ce yarinyar da ake tararwa a ƙuryar ɗaki da littafi idan an yi baƙi. Kawuna ne ya jawo ni. Yayan mahaifiyata ne, ya daɗe a Birmingham, yana zaune a unguwar Erdington da matarsa, wadda muke kira Anti, kuma yana da ɗan garejin taya a Lozells. Kafin ya zo Ingila tirela ya tuƙa shekara da shekaru tsakanin Kano da kudu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata".

Tun shekarata ta farko, duk bayan mako biyu ko uku nakan hau jirgin ƙasa ranar Juma'a in tafi wurinsu. Ranar Lahadi bayan azahar, in dai akwai tsere, an san inda za a sami Kawu. Yakan rage muryar talabijin har ta kusa ɓacewa, wai masu sharhin surutu ya yi musu yawa kuma ba sa kallon abin da ya kamata. Abin da direbobi ke faɗa wa mutanensu ta rediyo ana rubuta shi a gefen allo, amma yana wucewa da sauri, don haka ni ce mai fassara. Ina zaune a ƙasa da littafina, ina rubuta lokacin kowane zagaye da fensir, shi kuma yana kan kujera yana kallon taya.

Direbobin da ke burge Kawu ba su ne masu burge kowa ba. Idan wani ya shiga kwana da ƙarfi har hayaƙi ya tashi, 'yan kallo suna ihu, sai ya girgiza kai ya ce, "Ya ci abincin gobe." Amma idan kyamarar cikin mota ta nuna wani yana tafiya kamar ba ya so, sai ya miƙe zaune.

"Uwata, dubi hannunsa. Sau ɗaya yake juya sitiyari, ba ya gyarawa. Kin ji inda ya saki totur? Tun kafin kwana. Lallaɓa ta yake. Taka totur kowa ya iya, har Antinki."

Daga kicin Anti za ta ce, "Ina jin ka. Wa ya karya madubin mota a ƙofar masallaci, ni ko kai?"

"Ginin ne ya matso."

Daga wurinsa na fara gane cewa duk lokacin da taya ta zame, ko kaɗan ne, wani abu ya tafi daga jikinta. Na gane cewa bin bayan wata mota kusa da kusa yana sa motar zamewa, tayoyin su ɗau zafi. Na gane cewa direba zai iya yin zagaye ashirin yana riƙe kansa, yana kallon wani yana tsere masa, don kawai ya sami abin da zai kashe a ƙarshe. Wannan haƙurin a cikin irin wannan gudun shi ne ya kama ni. Da lokacin zaɓen aiki ya zo ban yi dogon tunani ba.

Ina da wata ɗabi'a tun sakandare. Idan na haɗu da kalmar Turanci mai muhimmanci, sai in rubuta Hausarta a gefen shafi, kuma da Hausar nake tunani daga nan. Kalmar da littattafan ke amfani da ita ga raguwar ƙarfin taya ita ce degradation. Na rubuta a gefe: lalacewa. A kan wannan na gina komai. Taya tana fara aiki sabuwa, tana lalacewa a hankali, daga baya ta lalace da sauri, layi ɗaya mai gangarowa ƙasa. Na tattara lokutan zagaye na tsere da yawa, na zauna na tsabtace su. Na cire zagayen da aka shiga canjin taya, na cire waɗanda aka rage gudu saboda hatsari, na gyara lissafin saboda mai yana ƙonewa mota tana rage nauyi. Sannan akwai wasu wurare da direba zai yi ta raguwa, sai kuma ya dawo da gudu ba tare da ya canja taya ba. Abin da ya lalace ba ya gyaruwa da kansa, don haka na ɗauka akwai wani dalili da ban gani ba, wataƙila wata mota ce ta tare shi sannan ta kauce. Na cire su duka. Har daɗi na ji da aikin ya fito fes.

Saura mako uku a miƙa aiki, malamin da ke duba ni ya kira ni ofishinsa. Bature ne dattijo, mai magana a hankali. Tagar ofishin tana kallon Oxford Road, motocin bas suna ta wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya gwada lissafina a kan wasu tsere da ban yi amfani da su ba. A wasu ya yi daidai. A wasu kuwa yana cewa direba ya shiga canji tun da wuri ƙwarai, alhali a zahiri mutumin ya ci gaba da tafiya lafiya lau. Ya ce kuskuren ba ƙarami ba ne, kuma idan ban gano tushensa ba kafin ranar, ba zai iya barin aikin ya je gaban masu jarrabawa ba. Sai in sake shi a lokacin hutu. Ma'ana ba zan fita tare da 'yan ajinmu ba.

Mahaifiyata a lokacin ta riga ta kai ɗinkin kayan da za ta sa ranar yaye mu. Ba ta taɓa hawa jirgin sama ba, kuma babu maƙwabciyar da ba ta ji labarin tafiyar ba. Ban faɗa mata ba. Ban faɗa wa kowa ba. Na yi kwana goma a laburare ina bin lissafin layi layi, na sake duba nauyin mai, na sake duba zafin kwalta, ban sami ko ɗigo a inda bai kamata ba. Ranar Juma'a ta biyu na hau jirgi na tafi Birmingham, don na gaji da kallon allo, ba don ina sa ran komai ba.

Tseren ranar Lahadin a wata ƙasa aka yi mai sanyi, sama a lulluɓe. Akwai wani direba da Kawu ke so, ya manyanta a cikinsu, yana na uku a kan taya ta tsaka-tsaki. Tafiya ba ta yi nisa ba sai lokutansa suka fara lalacewa a littafina, kowane zagaye ya fi na baya muni. Can sai maganarsa ta fito a gefen allo.

Na ce, "Kawu, ya ce tayoyin gaba sun mutu. A shigo da shi."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Nawa lissafin ma haka zai ce. Zagaye biyu, in ya yi yawa uku."

Kawu ya tashi ya je gaban talabijin, ya durƙusa, hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya jira har aka nuno kyamarar cikin motar. Ya daɗe yana kallo.

"Ba su mutu ba," ya ce. "Suma suka yi."

"Kawu, shi da ke cikin motar ya ce sun mutu."

"Shi a hannu yake jin su, kuma ransa a ɓace yake. Zo ki gani. Ta hagun nan. Kin ga wannan baƙin layin a tsakiya, kamar ƙuraje? In ya lallaɓa su za su farfaɗo. In ya matsa musu yanzu, to shi ne zai kashe su da kansa."

Anti ta leƙo ta ce, "Malam, ka matsa mana, ba kai kaɗai ka sayi talabijin ɗin ba. Yanzu taya ma suma take yi? A kawo ruwa a yayyafa mata?"

Amsar mutanensa da ke rumfar gefen hanya ta fito. Na fassara: sun ce ya daure, ya ci gaba.

Kawu ya koma kujera yana cewa, "To, akwai mai hankali a rumfar can."

Ban taɓa kallon tuƙi irin na mintunan da suka biyo baya ba. Mota ɗaya ta wuce shi, bai tare ta ba. Biyu daga cikin abokan karawarsa suka shiga suka canja taya, suka fito da gudu. Shi kuwa ya fara taka birki da wuri, a hankali, yana barin motar ta gangara cikin kwana da kanta, ba ya taɓa totur sai ta miƙe sosai. Mutumin da ya gama cewa tayoyinsa sun mutu, ga shi yana tafiya da su kamar yana ɗauke da ƙwai. Na ci gaba da rubutu. Zagaye huɗu lokacin bai motsa ba. A na biyar ya ragu kaɗan. A na shida ya ƙara raguwa. Da aka sake nuno tayar, baƙin layin ya tafi, ta koma sumul. Ya yi tafiyarsa da su har tsakiyar tseren, ya tsaya sau ɗaya tak, waɗancan biyun kuwa sai da suka sake tsayawa. Ya gama na biyu.

Kawu yana ta tafi shi kaɗai. Ni kuma ina kallon shafin da ke cinyata. Lambobin sun yi muni, sun tsaya, sun dawo. Irin su sak na yi watanni ina gogewa.

"Uwata, lafiya? Shirun nan ya fi na kullum."

Sai na faɗa musu komai, da maganar malamina, da ranar da ta rage, da ɗinkin mahaifiyata.

Anti ta ajiye farantin da ke hannunta. "Kwana nawa kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Wallahi halin gidanku ne. Shi ma sai da haƙori ya kumbura masa fuska kafin ya yarda ya ga likita."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Gobe kada ki kama jirgin safe. Za ki raka ni aiki."

Garejin yana wani lungu a Lozells, tsakanin shagon kayan miya da wurin aski. A bayansa akwai tarin tsofaffin tayoyi. Kawu ya ce yana da wani kwastoma mai shiga ƙananan tsere a ƙarshen mako, shi ke ɗaura masa tayoyi, kuma mutumin yakan bar masa waɗanda ya gama da su. Ya mirgino guda uku ya jera a ƙasa.

Ya dafa ta farko. "Wannan ta cinye. Robar ta ƙare. Ko waye ya hau ta, shi ke nan."

Ta biyu tana da ramuka, kamar an ƙwaƙule ta da cokali. "Wannan bororo ta yi. Zafi ne daga ciki, ya tafasa ta, ya tsinke ya fito. Na san shi tun a tirela. Ga lodi, ga rana tsaka a hanyar Lokoja, in ba ka tsaya ka ɗora hannu ka ji ba, sai dai ka ji ƙara. Ita ma ba ta dawowa."

Ta uku ya kama hannuna ya ɗora a kai. Fuskarta kaushi ne, ƙananan dunƙule-dunƙule sun manne a jere. "Wannan kuwa ban san ta a tirela ba, a nan na koye ta. Roba ba ta ɗau ɗumi ba, aka matsa mata, ta yi ta zamewa. Ba ni abin goge fensirinki."

Na ciro na ba shi. Ya goga shi da ƙarfi a kan siminti, ɓarɓashi ya naɗe ya manne a jikinsa. Ya miƙo mini.

"Goga ki ji."

Na goga. Yana mirginawa, ba ya kama ƙasa.

"Kin gani? A kan ƙurajenta take tafiya, ba a kan kwalta ba. Amma robar tana nan a ƙarƙashi, lafiyarta ƙalau. Yanzu bi da shi a hankali."

Na bi da shi a hankali, sau biyar, sau shida. Ɓarɓashin ya zube. Ya sake kama ƙasa.

Na karanta wannan abin a littafi. Yana da sunansa da Turanci, har da hotuna. Amma a babin lalacewa na karanta shi, na jera shi da sauran a ƙarƙashin kalma ɗaya, ban sake waiwayarsa ba.

Kawu ya ce, "Wa ya faɗa miki duk abin da ya rage gudu ya lalace?"

Na ce, "Ni na faɗa wa kaina."

"To, ki sake faɗa wa kanki wani abin. Tashi, kada jirgin rana ma ya wuce ki."

Kwana takwas suka rage mini. Na dawo da duk zagayen da na cire, ɗaya bayan ɗaya, sa'ar da na yi ita ce ban taɓa jefar da komai ba, kowanne yana ajiye da dalilin cire shi. Na raba lissafin gida biyu. Gida ɗaya na abin da ke tafiya ba ya dawowa. Ɗayan na abin da ke zuwa idan kwalta ta yi sanyi kuma direba ya matsa da wuri, wanda zai iya washewa idan an sassauta. Don sauri, a cikin kwamfuta na sa wa na farko suna "mutuwa", na biyu "suma", da niyyar in mayar da su Turanci in na gama. Da na kai wa malamina, na faɗa masa abin da na goge da dalilina, ban ɓoye komai ba. Ya cire tabarau ya share, ya ce in rubuta wannan kuskuren a cikin aikin, kada in share shi shi ma. Ya gwada sabon lissafin. Bai zama cikakke ba, amma ya daina korar direbobi daga hanya tun da wuri. Ya sa hannu.

Ranar kare aikin, mutum biyu ne a gabana, malamina da wata farfesa da ban sani ba. Magana a gaban mutane ita ce abin da na fi tsoro a duniya. Na haddace bayanina kalma kalma, na faɗe shi ina kallon tebur. Na kusa gamawa sai farfesar ta buɗe wani shafi can baya, ta juyo mini da shi. A gefen wani zane, a ƙananan haruffa, an rubuta "suma". Sau huɗu na karanta aikin nan kafin in miƙa, ban gan shi ba.

Ta tambaye ni wace kalma ce wannan, don ba ta san ta ba.

Ba ni da haddar wannan. Na ɗaga kai na ce kalmar yarenmu ce, ana faɗinta ga mutumin da ya faɗi kamar ya mutu alhali da ransa. Na ce kawuna ne ya ba ni ita, mai gyaran taya ne a Birmingham. Na ciro abin goge fensirina na nuna musu a kan murfin wani fayil mai kaushi. Ban san na yi minti biyar ina magana ba sai da malamina ya duba agogo.

Ta ce, to lissafin nawa zai iya faɗin wane direba ne zai iya farfaɗo da taya, wane ne ba zai iya ba?

Na ce a'a. Zai iya cewa robar tana nan. Ko mutumin zai iya haƙurin barin a wuce shi yana gani, wannan ban san yadda ake sa shi a lissafi ba.

Ta rubuta wani abu. Ta ce in gyara zanen, ko kuma in bar kalmar in yi mata bayani a ƙasa, duk wanda na ga dama. Na bar ta.

Mahaifiyata ta zo bikin yaye mu. Kawu ya rufe gareji ranar aiki, abin da Anti ta ce bai yi ba ko ranar da aka kwantar da ita a asibiti, ya ɗauko su zuwa Manchester cikin babbar riga. Bayan an gama taro muka haɗu da malamina a wurin ajiye motoci, yana shirin tafiya. Na gabatar da su. Kawu ya gaishe shi da hannu biyu, ya yi godiya, sai idonsa ya sauka ƙasa. Ya ce masa cikin Turancinsa na aiki, tayar gaba ta hagu ta motar malamin tana cin gefen ciki, ya kamata a duba saitin ƙafar. Malamin ya ce a ina? Kafin in ankara, ga su biyu a durƙushe, ɗaya da babbar riga, ɗaya da doguwar rigar malaman jami'a, Kawu ya kama hannun dattijon yana bi da shi ta bayan tayar.

Mahaifiyata ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Wai me ya faɗi ne suke nema?"